Daga Mayo Gwoi Zuwa Jidda: Wace Makaranta Za Mu Sa 'Ya'yanmu?

Gabatarwa

Bahaushe bai taɓa jin tsoron hanya ba. Tun zamanin fatake masu kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, da alhazan ƙafa waɗanda kan share shekaru kafin su hango Bahar Maliya, tafiya abokiyar zamansa ce, har ya yi mata kirari da mabuɗin ilimi. Sai dai matafiyin da can yakan bar iyalinsa a gida, in kuwa ya tafi da su, to zai tarar da zango inda ake jin harshensa, da malamin allo wanda zai damƙa wa yaro hankali kwance. Matafiyin yau jirgin sama ke ɗaukarsa, takardar kwantiragi a aljihu, iyali a gefe, kuma tun bai gama kwance kaya ba wata tambaya za ta tsare shi a bakin ƙofa: wace makaranta za a sa yaran nan?

Wannan tambaya ce ta tsare mu a birnin Jidda na ƙasar Saudiyya a ƙarshen shekarar 2021, mu biyu, miji da mata, haifaffun unguwar Mayo Gwoi ta garin Jalingo, da 'ya'yanmu uku. Mun ga dacewar baje ta a wannan mujalla domin mun san cikin ɗalibai da malaman da za su karanta akwai waɗanda gobe ko jibi neman ilimi ko neman abinci zai kai su inda ya kai mu.

Inda Muka Fito

Kafin mai karatu ya fahimci abin da ya dame mu, sai ya san irin makarantar da ta raine mu. Jalingo gari ne na haɗuwar al'ummu. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya mayar da fadarsa nan a shekarar 1893, a ƙasar da Jukunawan Kona da Mumuye suka daɗe da zama, sannan garin ya zama babban birnin Jihar Taraba da aka ciro daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991. Sunan unguwarmu ma ba Hausa ba ne, domin mayo da Fillanci kogi ke nan. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Kano, sun zo da kanwa da tufafi, suka ga wuri suka zauna. Ke nan mu kanmu jikokin baƙi ne.

Yaron Mayo Gwoi na zamaninmu yakan gai da maƙwabciyarsa da Fillanci da safe, ya je kasuwa ya yi cinikin doya da matan Mumuye, ya shiga aji a koya masa Turanci, da yamma ya ɗauki allo ya biya Larabci, Hausa kuwa ita ce igiyar da ta ɗaure dukkan waɗannan, ita ce harshen wasan langa da na faɗa da na sulhu. Babu wanda ya biya ko kwabo don mu sami wannan arziki. Unguwa ce ta ba mu, kuma ba mu san darajarsa ba sai da muka je inda ake sayar da kwatankwacinsa da riyal.

Halin da Muka Tarar

Fitar ma'aikatan lafiya na Nijeriya zuwa Saudiyya ba sabon abu ba ne. Ta yi ƙarfi tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta fara zubewa, ta kuma sake tasowa a watan Agusta na 2021, sa'ad da likitoci suka yi cincirindo a Abuja wajen masu ɗaukar ma'aikata, ana tsakiyar yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa. A wannan shekara ce ɗayanmu ya sami aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda. Babban ɗanmu yana da shekara 12, mai bi masa tana da 9, autarmu kuwa 5.

Abubuwa biyu muka fara fahimta. Na farko, zamanmu duka a rataye yake da igama, igama kuwa a rataye take da aiki. Ranar da kwantiragi ya ƙare, ranar ce za a fara ɗaure kaya, kuma ko da a can aka haifi yaro, haihuwar kaɗai ba ta mai da shi ɗan ƙasa. Na biyu, zama da iyali yana da haraji. Tun daga watan Yuli na 2017 aka ɗora wa baƙi ma'aikatan kamfanoni kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, riyal 100 a wata, aka yi ta ƙarawa har ya kai riyal 400 a 2020. Mutum huɗu ke nan riyal 1,600 kowane wata, tun ba a zo maganar haya da kuɗin makaranta ba. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne. Saboda haka muka gane cewa makarantar da za mu zaɓa dole ta shirya yaro don ranar tashi, domin ranar tana nan tafe ko ba jima ko ba daɗe.

Ƙofofi Huɗu

Ƙofa ta farko ita ce makarantar gwamnati. Da Larabci ake koyar da komai, kuma wane Musulmi ne ba zai so ɗansa ya tashi da harshen Alƙur'ani a bakinsa ba? Wannan ƙofa ta ja hankalinmu ƙwarai, musamman saboda auta, wadda shekarunta na kama harshe ne. Amma gurbin baƙi a cikinta ƙayyadadde ne, kuma yaro mai shekara 12 wanda ya yi lissafi da kimiyya da Turanci tun daga aji ɗaya, in aka jefa shi cikin Larabci tsundum, zai yi asarar shekara ɗaya ko biyu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Bayan haka, in ya dawo gida, Turancin da jami'o'inmu ke nema fa?

Ƙofa ta biyu makarantun Indiyawa ne, masu bin tsarin hukumar jarrabawa ta ƙasarsu. Su ne mafi sauƙin kuɗi, ba su wasa da lissafi da kimiyya, kuma abokan aikinmu da yawa can suka kai nasu. Sai dai shekarar karatunsu a watan Afrilu take farawa, tamu kuwa a Satumba, don haka yaro kan yi asarar watanni wajen shiga, ya sake yi wajen fita. Tarihi da labarin ƙasa da zai haddace na Indiya ne. Zai san kogin Ganga da rassansa, bai san Binuwai ta bi ta Ibi da Lau ba.

Ƙofa ta uku ita ce ta tsarin Ingila, inda yaro ke rubuta jarrabawar IGCSE ta Kambirij, wadda aka fara yi a 1988, bayan karatun shekara biyu a aji na 10 da na 11. Wannan takarda ita ce mafi kusa da ta WAEC da muka sani, kuma ba abin mamaki ba ne, domin hukumar WAEC da aka kafa a 1952 daga hannun hukumomin jarrabawa na Ingila ta karɓi aikin. Makarantun da ke bin wannan tsari a Jidda hawa-hawa ne. Akwai na manyan ma'aikatan kamfanoni, masu filin wasa shimfiɗe da ciyawa da wurin ninƙaya, inda kuɗin yaro ɗaya zai haɗiye albashinmu na watanni. Akwai kuma matsakaita, a cikin gine-ginen haya, malamansu Misirawa da 'yan Pakistan da 'yan Filifin, amma jarrabawar da ake rubutawa a ƙarshe iri ɗaya ce.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta tsarin Amurka da kuma tsarin IB, wanda aka kafa a birnin Janiba a 1968 musamman don 'ya'yan ma'aikatan da ke yawo ƙasa-ƙasa. A shekaru biyu na ƙarshe ɗalibi yakan ɗauki darussa shida, ya rubuta maƙalar bincike mai kalmomi har 4,000, kuma tsarin ya bar ƙofa ga wanda ke son nazarin adabin harshen uwarsa ya nema. Wannan ya burge mu. Amma makarantun da ke yin sa su ne mafi tsada, kuma hanyar da suke share wa yaro ta nufi jami'o'in Amurka da Turai ne, waɗanda ba mu da ƙarfin biya. Wanda ya hau motar Legas ba ya tsammanin a sauke shi a Wukari.

Ƙofa ta Biyar

Akwai ƙofar da ba a Jidda take ba, wato a mayar da yaran gida. Mai riƙe da wannan ra'ayi ita ce Dada, mahaifiyar maigida, kuma ba ta ɓoye shi ba. Duk Juma'a in mun kira ta a waya sai ta tayar da zancen.

"Ku kawo mini su," in ji ta. "Ni na raine ku a ɗakin nan, da fitilar ƙwai kuka yi karatu, ga shi har Larabawa sun aiko neman ku. Me ya rage ku da shi?"

"Allah ya ƙara miki lafiya, Dada, babu abin da ya rage mu. Auta ce dai ba ta isa rabuwa da uwa ba."

"To ku bar auta, ku turo manyan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Hamma, babban wanmu, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a sakandare, ya dubi abin ta wata fuska. Ya ce a Jalingo akwai makarantun kwana na gwamnatin tarayya, akwai masu zaman kansu, kuma kuɗin da za mu kashe wa yaro ɗaya a can zai ɗauki nauyin ukun a nan har da canji. Amma ya ƙara da wata magana da ta zauna mana a zuciya. Ya ce a shekarunsa na aji ya ga 'ya'yan da iyayensu ke waje, aljihu cike da kuɗi, waya mai tsada a hannu, babu mai ce musu bari, domin kaka tana jin nauyin tsawata wa amanar da aka bar mata, kawu kuma yana gudun a ce ya takura wa ɗan wani. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun mai shi ne ya fi sanin inda zai karye.

Maganar Dada gaskiya ce, ta Hamma ma gaskiya ce, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Mun yi makonni muna juya su.

Ma'aunin da Muka Riƙe

Da muka ga ƙyale-ƙyalen gine-gine na neman ruɗa mu, sai muka zauna muka rubuta tambayoyin da za mu riƙa yi a kowace makaranta.

Ta farko: takardar da yaro zai fita da ita, ina da ina take shiga? Jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar, har da Turanci, sannan jarrabawar hukumar JAMB wadda aka kafa a 1978. Takardar da ba a saba da ita ba sai an kai ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya an tantance matsayinta, kuma duk wanda ya taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis ya san abin da wannan ke nufi. Abin da ya faru daga baya ya ƙara mana yaƙini a kan wannan tambaya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗaliban Nijeriya da yawa, akasarinsu 'yan Arewa, a motocin safa aka kwaso su zuwa iyakar Masar da tashar jiragen ruwa ta Sudan, wasu suna shekarar ƙarshe. Haka aka yi da na Yukren a 2022. Wanda takardunsa ke da sauƙin ɗauka daga wannan tsari zuwa wancan ya ci gaba, wanda nasa ba su da shi ya koma baya.

Ta biyu: nawa ne kuɗin gaskiya? Abin da ake rubutawa a takardar talla rabin labari ne. Akwai kuɗin rajista wanda ba a mayarwa, da na mota, da na littattafai, da na kayan makaranta waɗanda ba a saye sai a shagonsu, da na jarrabawa wanda ake biya darasi-darasi. Kuma kuɗin yana hawa yadda aji ke hawa. Mun yi lissafin shekara biyar gaba, ba ta bana kaɗai ba, domin cire yaro tsakanin aji na 10 da na 11 kamar sauke tukunya ne tuwo bai nuna ba.

Ta uku: shekara nawa malamai ke yi kafin su tafi? A wata makaranta mai kyan gini mun tambayi wata uwa a bakin ƙofa, ta ce ɗanta ya ga malaman lissafi uku a shekara ɗaya. Malaman su ma baƙi ne irinmu, masu igama, duk inda albashi ya fi can suke nufa.

Ta huɗu, wadda ba a rubuta amsarta a kowace takarda: yaya ake kallon baƙar fata a nan? Mun riƙa zuwa lokacin tashi muna tsayawa muna kallo. Da wa yaran Afirka ke tafiya? In an tsokani yaro da launinsa, ko aka kira shi takaruni da nufin ƙasƙanci, me shugaban makaranta yake yi? Wanda ya ce mana irin wannan ba ya faruwa a makarantarsa, mun gode masa muka wuce. Wadda ta ce yana faruwa, ta kuma faɗa mana matakin da take ɗauka, ita muka amince wa.

A ƙarshe muka zaɓi matsakaiciyar makaranta mai tsarin Ingila, ba ta da ciyawa, ba ta da wurin ninƙaya, amma malamin kimiyyarta ya shekara tara a wurin. Da yamma kuma yaran suna zuwa halƙar haddar Alƙur'ani a masallacin unguwa, inda suka tsinci Larabcin da muka yi musu kwaɗayi. Dada kuwa muka yi mata alkawari biyu: duk dogon hutu a ɗakinta za su yi shi, kuma duk wanda ya gama aji na 11 gida zai dawo.

Abin da Makaranta Ba Ta Sayarwa

A duk makarantun da muka zagaya mun ga Faransanci a jadawali, mun ga Urdu, mun ga Larabci, amma ba mu ga Hausa ba, kuma ba mu yi tsammanin ganinta ba. Abin lura shi ne Jidda ba ta rasa Hausawa. Wanda ya shiga wasu tsofaffin unguwanninta, ko ya je Shara Mansur a Makka, zai ji Hausa kamar yana Fagge, zai sayi tsire da fura. Amma yaron da motar makaranta ke ɗauka daga ƙofar bene ta mai da shi ƙofar bene, ba ya cikin wannan duniya. Turanci a aji, Turanci a waya, Larabci a kanti. Ba mu yi shekara ba muka ji auta tana ce wa yayarta wani abu da Turanci, yayar ta amsa da Turanci, a kan tabarmar cin tuwo.

Tarihi ya nuna mana hanyoyi biyu da baƙo kan bi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Da yake tare suka zauna, da sarautarsu da kasuwarsu da makarantunsu, jikokinsu sun riƙe Fillanci da Hausa tsawon zuriya bayan zuriya. A ɗaya gefen kuma akwai masu laƙabin Hausawi a Saudiyya, waɗanda uku daga cikinsu, Usama da Umar da Mu'utaz, suna cikin 'yan ƙwallon da suka wakilci ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Laƙabin yana shelar asali, amma cikin masu shi da muka haɗu da su a asibiti akwai waɗanda Hausarsu ba ta wuce sannu da ina kwana ba, suna faɗa suna dariya, suna cewa kakarsu ce mai ji. Ba laifinsu ba ne. Harshe ba ya bin jini, baki yake bi.

Wasu iyaye suna tsoron kada Hausa a gida ta rage wa yaro Turanci. Binciken da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Duk da haka, a gida Nijeriya ma maganar ba ta zauna ba: gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan manufa. In haka ne a ƙasar da harshen yake, to mai zaune a Jidda ba shi da wanda zai jira.

Saboda haka muka kafa doka: daga bakin ƙofa zuwa ciki, Hausa. Wanda ya nemi ruwa da Turanci, ba a ji ba. Daren Juma'a, da yake Asabar ma babu makaranta a can, uwa takan yi tatsuniya, uba ya sa babba ya karanta shafi biyu na littafin Hausa da ƙarfi, a gyara masa ƙa da ɗa da ɓa, waɗanda su ne suka fara zamewa daga harshen yaron da ya tashi a waje. Dogon hutu kuwa ya dace da damina. Wata biyu suke yi a Mayo Gwoi, su ga kogin da suka bari rairayi ya cika ya tumbatsa, su ci gasasshiyar masara, sauro ya cije su, 'yan'uwa su yi musu dariyar karyayyen harshe har ya miƙe. Kuɗin jirgin mutum biyar duk shekara ya hana mu ajiye abin da abokan aikinmu suke ajiyewa, filin da muka saya a bayan gari har yau ba mu ɗora bulo a kai ba. Mun ɗauki wannan a matsayin kuɗin makaranta ta biyu.

Kammalawa

Babban ɗanmu ya rubuta jarrabawarsa a watannin Mayu da Yuni na 2025, sakamako ya fito a Agusta, muka cika alkawarin Dada. Ya koma Mayo Gwoi hannun Hamma don shirin shiga jami'a a gida. Ba mu ce komai ya tafi daidai ba. Ya sha wahalar zafi da ɗaukewar wuta, abokai suna kiransa Balarabe, kuma auta har yanzu takan tsaya neman kalma in tana magana da kakarta. Amma yana zuwa gaisuwar mutuwa ya san abin da ake faɗa, yana durƙusa wa manya ba sai an ce masa ba, kuma ya iya cinikin doya.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke shirin fita da iyali, abin da za mu iya bayarwa kaɗan ne. A fara da tambayar inda ake so yaro ya sauka, sannan a nemi motar da ke zuwa can. A yi lissafin kuɗi har ƙarshen karatu. A tambayi iyaye a bakin ƙofa kafin a tambayi shugaba a ofis. A kuma sani cewa makarantar ƙasa da ƙasa, komai tsadarta, za ta koya wa yaro yadda zai zauna a ko'ina, amma sanin inda ya fito aikin gida ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka zaɓinmu ba lalle ya zama na kowa ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya mai da kowane matafiyi gida lafiya.